Ranar da Na Zama Kan Jirgi

A bayan unguwarmu a Sabon Gari akwai tsohuwar gadar jirgin ƙasa. Tun kafin a haife ni jirgi ya daina bin ta, aka shimfiɗa mata katako ta koma ta 'yan ƙafa. Tsakanin katako da katako kana hango ruwa. Ni na rantse akwai ramin da jaki zai zurma har da mangalarsa, abokaina kuwa sun ce ko kaza ba za ta shige ba sai ta yi azumi.

Daminar bara yayata ta haihu a Samaru. Ranar suna rafi ya cika maƙil, ga shi sai an haye gadar ake kaiwa titin da motar Samaru ke tsayawa. Aka haɗa ni da kakata in raka ta. Jaririn shi ne tattaɓa-kunnenta na fari, mako guda ta yi tana daka yajin jego.

A bakin gada ta ja birki.

"Maigida, ba zan taka abin nan ba."

"Haba amarya, kullum mutane ke bi."

"Marasa hankali ba. Sau ɗaya na haye ta, ina budurwa, a cikin jirgi, idona rufe. Gadar jirgi ai jirgi ke hawa."

"To, jirgi ya daina zuwa."

"To, ka gaida mai jego."

Ta zauna a kan ƙullinta. Na buɗe baki zan tsokane ta, sai na ga tana goge ido da bakin mayafi. Da gaske sunan zai wuce ta.

Na juya mata baya na ce, "Tashi, jirgi ya iso. Kama rigata, ki rufe ido."

Ta harare ni, amma ta kama. Na saki wata kuwwa da na tabbata an ji ta a Kaduna, na soma ja da ƙafa ina cukucuku. Wani kafinta Ibo da ke bayanmu, zarto a kafaɗa, ya ce, "Mama, akwai wuri a tarago?"

"Ka yanki tikiti?" in ji ta, ido a rufe. "Kama, amma ban da tofar da yawu."

Ya kama bakin mayafinta. Wata matar soja daga Basawa ta kama shi, da daron kifi a kanta, yara suka jeru a baya. Masu zuwa daga ɗaya gefen suka maƙale jikin ƙarfe suna ɗaga mana hannu. Kaka tana salati, tana zagina wai gudu ya yi yawa, alhali hawainiya ma da ta wuce mu.

Sai da ta ji ƙasa a tafin ƙafarta ta buɗe ido.

A Samaru ta rungume jaririn, ta ƙi ba kowa. Mata suka tambaye ta ya hanya.

"Lafiya lau, a jirgi na zo," in ji ta. "Direban ne dai bai iya tuƙi ba."