Ƙaryar Da Na Yi Wa Matar Da Ta Karɓi Belin Mijina

A shekarun da muka yi a Kuala Lumpur, ni matar ɗalibi ce kawai. Maigidana ya samu tallafin gwamnati ya tafi yin digiri na uku, ni kuma na bi shi da yara biyu da ƙullin kuka da daddawa. Muna zaune can sama a wani dogon bene a Danau Kota. In na leƙa ta taga sai in ga motoci ba iyaka, amma babu mutum ɗaya a cikinsu da ya san da zamana. Shi in ya fita tun safe sai dare, yara kuma in sun dawo daga makaranta, in yi musu Hausa su mayar mini da Turanci. A lokacin ni mace ce mai ji da kai, ba zan ɓoye ba, kuma babu abin da na tsana irin a ji sirrin gidana. Mukan haɗu da matan sauran ɗalibai wajen suna ko walima, a ci a yi dariya, amma kowacce ta san abin da ta faɗa da azahar, kafin la'asar ya isa Kano. Ni ma ina cikin masu kai labarin, shi ya sa na san yadda yake gudu.

Mutum ɗaya ce ta hana kaɗaici ya kashe ni a garin nan, wata dattijuwa 'yar ƙasar da ƙofarta ke kallon tawa. Makcik nake kiranta, kamar dai mu ce Inna. Tsohuwar malamar firamare ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse wuraren aiki. Ita ta fara ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta tambaye ni da Turancinta mai daɗi ko na yi makan, wato ko na ci abinci. Ita ta koya mini hawa jirgin ƙasa daga tashar Taman Melati, ta nuna mini kedai, wato shagon da ake samun kuɓewa mai kyau. Da na yi ɓari, ita ta zauna da ni a asibiti tana shafa mini kai. Kusan kullum da hantsi muna tare, ina yanka albasa tana tsokanata, wai barkonon da nake zubawa a miya ya isa a kori ɓarayi da shi. Ba ni da uwa a kusa, sai na mayar da ita uwa.

Na daɗe ina zargin maigidana ya fara shan giya. Wani lokaci ya shigo da wani wari, ya wuce banɗaki kai tsaye yana kurkure baki. Ban taɓa tambayarsa ba, don ina tsoron amsar. Wata rana bai kwana a gida ba. Da safe, bayan na kai yara makaranta, wani abokinsa da ban sani ba ya kira ni, ya ce an tare su a shingen 'yan sanda wajen Brickfields, an sa maigidana ya hura iska a na'ura, ta nuna ya sha fiye da ƙa'ida, an tafi da shi. Ya ce bai buge kowa ba. Ya ba ni lambar wani lauya, daga nan ya kashe wayarsa, ban sake samunsa ba har yau. Na zauna a ƙasan kicin. Abin kunyar shi ne, tunanin da ya fara zo mini ba na halin da mijina yake ciki ba ne, na abin da mutane za su ce ne.

Lauyan ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce za a kai shi gaban majistare a karanta masa tuhuma, kuma irin wannan laifin ana ba da beli. Amma kotu za ta riƙe fasfonsa, za a dakatar da lasin tuƙinsa, sannan dole a samu wanda zai tsaya masa. Da yake shi baƙo ne, ya ce kusan tabbas ɗan ƙasa za a nema, mai katin shaida, ba ni ba, ba kuma wani ɗalibi ɗan uwanmu ba. Kuɗin belin ko da daga hannuna suka fito, da sunan wanda ya tsaya za a ajiye su, kuma nauyi ne a kansa ya ga mijina ya halarci duk zaman da aka sa. In ya ƙi zuwa, kuɗin sun tafi, a kuma kira wanda ya tsaya ya yi bayani. Ya ƙara da cewa in ba a kammala komai ba kafin a tashi aiki ranar, gidan yari za a wuce da shi sai an cika sharuɗɗa. Na zauna ina lissafa 'yan ƙasar da na sani a duk faɗin garin, na juya na juya, ban samu kowa ba sai Makcik.

Nan ne na tafka kuskuren da nake rubuto wannan saboda shi. An raine mu a kan mace tagari ita ce mai rufa wa mijinta asiri, ni kuma na ɗauki wannan har ya wuce inda ya kamata. Matan unguwa da suka tambaya na ce ya tafi taron ƙara wa juna sani a wani gari. Makcik kuwa, na same ta ta idar da sallar walaha, carbi a hannunta. Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai na kalli farin mayafinta, na kasa furta kalmar giya. Na ce mata matsalar takardun mota ce, lasinsa na gida ne ya ƙare bai sabunta ba. Ba ta yi mini tambaya ko ɗaya ba. Ta ce boleh, ba komai, ta tashi ta ɗauko katinta ta sa a jaka. Har ta riƙa ba ni haƙuri, wai maza duk haka suke da mantuwa, marigayin mijinta ma sai da ta riƙa tuna masa komai. Ni a tunanina beli irin wanda na saba ji a gida ne, a shiga wani ofis a sa hannu a fito, babu wanda ya ji babu wanda ya gani. Na ɗauka ita aikinta sa hannu ne kawai.

Ashe a cikin ɗakin shari'a za a zaunar da mu. Aka shigo da mijina cikin jerin mutane, ankwa a hannu, gashinsa a hargitse, ya kasa ɗaga ido. Da aka kira sunansa sai wani ma'aikaci ya miƙe ya fara karanta tuhumar da harshen Malay, da ƙarfi, kowa yana ji. Ni ban fahimci komai ba, ina jiran tafinta ya juya wa mijina zuwa Turanci. Amma Makcik harshenta ne. Tana riƙe da hannuna tun shigowarmu, sai na ji yatsunta sun saki nawa a hankali, ta mayar da hannunta kan cinyarta. Ba ta waiwayo ba. A nan na gane ta riga ni jin komai, kuma na so ƙasa ta tsage in shige. Da majistare ta yanke beli, sai aka kira wanda zai tsaya masa. Makcik ta miƙe a gaban jama'a. Aka tambaye ta ko ta san wanda ake tuhuma, ta ce ta san shi, maƙwabcinta ne. Aka tambaye ta ko ta fahimci nauyin da za ta ɗauka, ta ce ta fahimta. Ta bi lauya aka yi duk abin da ya kamata, ta sa hannu inda aka nuna mata. Da yamma aka sako mijina. Na ce ta zo mu shiga tasi ɗaya, ta ce a'a, za ta biya wani wuri.

Daga ranar ƙofarta ta rufu. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta gaya wa kowa a benen ba, in mun haɗu tana amsa sallamata cikin mutunci. Yara in sun gaishe ta takan miƙo musu alawa daga bakin ƙofa. Amma zaman hantsi ya ƙare. Na yi dambun naman da take so na aika mata, ta dawo da kwanon a wanke tare da godiya, shi ke nan. Shari'ar ta ɗauki watanni ana ɗagawa, kuma duk safiyar da za a zauna sai ta ƙwanƙwasa ƙofarmu ta tambaya ko ya shirya. Ta je kotun da kanta, ta zauna a wani benci daban, in an tashi ta kama hanyarta. Mijina ya koma kamar baƙo a gidansa, ya yini a ɗaki, kunya ta hana shi haɗa ido da ni. Ga mutane a gida, ga mutum a ƙofar da ke kallon tawa, amma sai in yini ban yi magana da babba ba. Nakan tsaya a bayan ƙofata ina jin ƙarar cokalinta a tukunya, hawaye yana zubo mini. Asirin da na yi wa ƙarya kuwa bai rufu ba. Wani ɗalibi ya hango mu a harabar kotu, kafin mako ya zagayo labari ya kai har wajen surukaina.

A ƙarshe mijina ya amsa laifinsa. Aka ci shi tara mai nauyi, ya yi ɗan zama a gidan yari, aka hana shi tuƙi. Karatun ma bai kai ba, muka fara haɗa kayan komawa gida. Da kotu ta saki kuɗin belin, Makcik ta shigo da kanta ta damƙa mini su, ta juya za ta fita. Na durƙusa na riƙe gefen zaninta ina kuka, na ce ta yafe mini, tsoro nake ji kada ta ƙi zuwa in ta ji maganar giya ce. Ta ɗaga ni ta zaunar, ta ce ta yafe tun a kotu, ba don haka ba da ba ta sa hannu ba. Ta ce ita malama ce, babu irin ɓarnar da ba ta gani ba a gidajen mutane, kuma giya laifin mijina ce tsakaninsa da Ubangijinsa. Da a ce na gaya mata gaskiya da safiyar ranar, ta ce, da za ta je, da za ta zauna kusa da ni ta riƙe ni. Abin da ya yi mata ciwo shi ne ranar da na fi buƙatar uwa, ban ga uwa a tare da ita ba, katin ɗan ƙasa na gani. Ta ce tun daga ranar, duk lokacin da na yi mata murmushi sai ta tambayi kanta ko akwai abin da nake nema. Ta yi mini addu'a, ta shafa kan yara, ta fita. Ranar da muka tashi na ƙwanƙwasa ƙofarta don sallama, ba a buɗe ba. Har yau ban sani ba ko ba ta nan ne, ko tana ciki.

Yanzu muna gida. Mijina ya tuba, ya samu aikin koyarwa, ina kuma yi masa fatan ɗorewa. Ga masu tuƙi bayan sun sha, ba ni da abin da zan ce da ya wuce ku ji tsoron Allah, domin ba ku kaɗai ake kamawa ba, har da matanku da duk wanda ya san ku. 'Yan uwana mata kuwa, musamman waɗanda ke zaune a ƙasar wasu, ku sani beli ba sa hannu ba ne kawai. Wanda zai tsaya wa naku, sunansa da mutuncinsa yake ajiyewa a gaban alƙali, don haka haƙƙinsa ne ya san a kan me zai tsaya, ya yarda ko ya ƙi. Rufin asiri abu ne mai kyau, amma ba a yin sa da yaudarar wanda ya taho taimakonki. Ni na zaɓi in kare kunyata, ban tsira daga kunyar ba, na kuma rasa mutum ɗaya tak da take tambayata ko na ci abinci. Kotu ta mayar mana da kuɗinmu da fasfon mijina, amma babu inda zan je a mayar mini da Makcik.