Durƙuson Sani a filin basket

Jama'a, yau gaisuwa ta kusa kashe ni a Villeurbanne, nan Faransa!

Kun san ƙungiyar basket, wato ƙwallon kwando, ta jami'armu, wadda kowa ke rainawa. To yau finale, wasan ƙarshe, muka buga, wanda ya ci zai tafi gasar ƙasa a Paris. Lokaci na gab da cika, abokan karawarmu sun fi mu da maki ɗaya. Ƙwallo ta faɗo hannun Sani, abokin ɗakina ɗan Damagaram.

Kawai sai ga kawunsa Alhaji daga Paris, ba sanarwa, ya tsaya bakin fili cikin babbar riga: "Sani! Kana lahiya?"

Wallahi yaron nan ya durƙusa, ƙwallo a hannu! Coach ya dafe kai yana ihu: "Tire! Jefa mana!" Zabgegen Baturen da ya yi tsalle zai tare shi ya wuce ta saman kansa. Sani ya miƙe, ya jefa. Ƙwallo ta zagaya bakin raga... ta shige!

Muna ta ihun mun ci, Alhaji ya ɓata rai: "Wane irin yaro ne wannan? Ko gajiya ban tambaye shi ba ya tashi!"