Mangwaro Arba'in a Gonar Aro

Metur Maman Lawali yakan faɗa da bakinsa cewa a duk Maraɗi babu wanda ya kai shi sanin dokar gonaki, kuma babu wanda ya taɓa taka ta da sabon takalmi kamar shi.

Ɗan tela ne, haifaffen Sabon Gari. Lakwal, wato makarantar boko, ta ga bakinsa ba ya gajiya, ta miƙa shi Yamai ya karanta shari'a, ya dawo da baƙar riga ta lauyoyi da laƙabinsu na Metur. Shekara ashirin yana tsaya wa manoma gaban alƙali kan rikicin iyaka da rabon gado. Wasu shari'un ya ci su, wasu kuma alƙalin ne kawai ya gaji. Sau biyu ya tsaya takara ya faɗi. A na biyun, ƙuri'a goma sha ɗaya ya samu a rumfar unguwarsu, alhali gidansu kaɗai akwai masu zaɓe goma sha huɗu. Bai taɓa binciken sauran ukun ba.

A karo na uku ya shiga majalisar jiha. Ba jawabansa ne suka kai shi ba. Wani manomin Jiratawa ne mai suna Gado, wanda Metur ya taɓa fitar wa da ƙane daga kaso ba tare da ya karɓi komai ba, shi ya bi ƙauyuka a kan keke yana cewa, "Mutumin yana da surutu, amma ba ya cin amana."

Bai cika shekara a kujerar ba ɗiyarsa Hidaya ta rasu. Shekararta tara. Zazzaɓi ne, kwana huɗu. Metur ba ya ƙara komai a kan wannan.

Da uku ga Agusta ta matso, ranar da ƙasa duka ke dashen itatuwa, sai ya sayi dashen mangwaro arba'in, sadaka gare ta. Ya san abin da ke samun itatuwan 'yan majalisa: a dasa a bakin hanya da safe, awaki su yi kalaci da su da marece. Shi wuri mai ruwa yake so, da mutum mai kula. Ya kira Gado, ya sanar da shi cewa a gefen gonarsa za a dasa. Gado ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To, Metur." Metur ya ɗauki shirun nan a matsayin godiya. Ya je da mota biyu da ɗan jaridar rediyo, ya yi jawabi, aka dasa.

Gonar kuwa ba ta Gado ba ce. Aro ce tun zamanin ubansa, daga hannun Hajiya Tasalla, wata tsohuwa da aure ya kai Tsibiri. Duk kaka Gado yakan kai mata dami ɗaya na gero, alamar bai manta mai gona ba. Mai aro yana shuka abin da za a girbe a shekara, amma ba ya gina rijiya, ba ya dasa icce, don wanda ya dasa icce ya ce ƙasa tasa ce. Metur ya faɗi wannan gaban alƙali ya fi sau talatin, yana ɗaga yatsa.

A rediyo Hajiya ta ji. Ta aika cewa da an yi girbi Gado ya bar mata gonarta. Baki goma sha ɗaya ke ci daga gonar nan.

"Don mi ba ka faɗa mini ba?" in ji Metur, ranar da Gado ya zo ofishinsa da labarin.

"Metur, da sunan marigayiya ka buɗe baki. Ta ina zan shiga?"

Metur ya yi abin da ya iya. Ya rubuta takarda shafi uku, cewa shi da Gado da magadansu ba su da haƙƙi ko na ganye ɗaya, ya buga hatimi, ya nufi Tsibiri. Ya tarar da Hajiya a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya karanta, ya fassara.

"Ka gama, ɗan nan?"

"Na gama, Inna."

"Wagga abar gara ke cin ta. Icce kuwa girma yake. In na mutu, kai ma ka mutu, mi mutane za su duba, takarda ko mangwaro?"

"Inna, ai doka ta ce..."

"Ita ta ce ka dasa?"

Hajiya ta yanke: ranar Asabar ya tuge su duka da hannunsa, gaban mai gari da dattawa, sannan ta duba maganar Gado. Ya ce to. Bai ambaci Hidaya ba.

Ranar Asabar aka shimfiɗa wa Hajiya tabarma a bakin gona. Metur ya naɗe wando, ya karɓi dagi. Babu rediyo a wannan karon, amma rabin Jiratawa ta zo kallon ɗan majalisa yana haƙa. Wani ya ce, "Metur, ta wajen ƙarfen ake kafawa!" Aka yi dariya. Yana tuge kowane da ƙasarsa a jiki, yana ajiyewa a hankali, ko da yake bai san inda zai kai su ba. Sai bayan azahar ya cire na arba'in.

Hajiya ta kira shi kusa, ta rage murya.

"Gado ya ce na yarinya ne."

"Nata ne, Inna."

Ta daɗe tana duban itatuwan a jere a ƙasa.

"Ka ba ni su."

"Na ba ki."

"Mai gari, ku shaida, ya ba ni. Iccena ne." Ta gyara zama. "To, ina neman ɗan ƙodago ya dasa mini icce a gonata. Kai mai naɗaɗɗen wando, kana da aiki yau?"

Haka Metur Maman Lawali ya mayar da mangwaro arba'in cikin ramukan da ya fitar da su, ɗaya bayan ɗaya, kowane sai an kai wa Hajiya ta ɗora hannu a kai. Da la'asar sakaliya ta biya shi ladansa gaban jama'a, goro biyu, ta kuma ce layin ya karkace, badi ba za ta ɗauke shi ba.

"Gado fa, Inna?"

"Wa zai ba su ruwa in ya tashi? Kai?"

Ashirin da shida suka rayu. Sauran ba su jure dashe biyu ba. Metur ya yi kwana tara bayansa bai miƙe ba, har ya rasa zaman majalisa guda, kuma ya ce babu wanda ya lura sai dai an tashi da wuri. Da kaka Gado ya ɗaure daminsa a bayan keke ya kai Tsibiri. Hajiya ta murza zangarniya ɗaya a tafinta, ta ce geron bana bai kai na bara ba, ta sa aka shigar da shi rumbu.