Ranar da Saura Ɗaya Ta Zauna a Tabarma

Yayata mai kitso ce, kuma duk layinmu ba mai kiranta da sunanta na yanka. Saura Ɗaya ake ce mata. Ka ce abinci ya huce, ta ce saura ɗaya. Ka ce mijinta na sallama a ƙofar shago, saura ɗaya. Kafin ta gama da ɗayar nan wata ta riga ta zauna ta tsefe kai, ita ma ta zama ɗaya.

Shagon ɗan ɗaki ne: madubi mai tsagewa a gefe, tabarma, kujera 'yar tsugunno da ta lotsa daidai zamanta, sai gwangwanin man kitso da tsinken tsaga a ciki. A nan furfura ta same ta. Kullum da safe ni nake kai mata shayi, da yamma in ɗauko kofin cike, ya yi sanyi ƙalau, gashin wata na yawo a sama.

Abin dariyar shi ne nata kan. Matar da ta gyara kan rabin gari, ba wanda ya taɓa ganin nata, kullum ɗankwali ɗaure tamau. Ranar da ɗankwalin ya maƙale a ƙusar ƙofa, ni da muke ciki ɗaya sai da na yi salati. Gashi ya cukurkuɗe kamar soson wanke-wanke.

"Yaya, wannan fa?"

"Ke, rufe min baki. Ina na ga lokaci?"

Sai yatsunta suka fara yi mata tsiya. Ta tashi da safe sun mutu, ta yarfe su ta ce sanyi ne. Wata rana tana tsakiyar kan wata malamar makaranta tsinken ya suɓuce. Ta sunkuya ta ɗauka, yatsun suka ƙi haɗuwa. Ta sake gwadawa, suka ƙi. Ta tsaya tana kallon hannun, ni ma na tsaya ina kallonsa, don hannun nan shi ya ciyar da gidanta, shi ya kai 'ya'yanta makaranta.

Likita ya ce jijiyoyin ne suka gaji. Ko ta ware rana guda a mako ba kitso, ta riƙa jiƙa hannun a ruwan ɗumi, ko kuma wata rana hannun ya ajiye aiki ba tare da ya yi shawara da ita ba.

"Likita, a yi min allura mana a wuce wurin."

"Mama, ba ni da allurar hutu."

Muka kulle shago ranar Litinin, mijinta ya sa makulli a aljihu yana taƙama. To fa! Hutun Yaya ga yadda ya kasance: ta wanke labule, ta goge tagogi, ta kwashe kwanuka ta sake jerawa. Da na leƙo da rana, wallahi zaune na same ta tana kitse zaren abin goge daɓe. Masu zuwa kitso kuma suka biyo ta gida, wai sun zo dubiya, kowacce da tsefaffen kai a ƙarƙashin gyale. Mun raba ta da shago, mun manta matar nan ba ta san yadda ake zama ba in babu kan mutum a gabanta.

Akwai wata mai kitso a ɗaya gefen titi, Ta Tsallake muke ce mata. Shekara da shekaru Yaya na kushe aikinta, wai tsagarta a karkace take. Can na ce za mu, a yi mata kitso.

"Ni? Wurin waccan?"

"Ko ki je, Yaya, ko in cire miki ɗankwalin nan a gaban masu dubiyarki."

Tana shiga ta nufi kujera, don ƙafarta can ta saba. Ta Tsallake ta tare ta tana murmushi: "A'a, Yaya, ƙasa. Yau tabarma ce taki." Ta zauna tana cika tana batsewa. Ba a yi nisa ba ta fara ba da umarni, a ja tsagar dama, a rage mai, hannunta na hawa kai yana laluben aiki. Ta Tsallake ta ɗan buge shi da mataji, ta ɗora mata kwanon ruwan ɗumi a cinya, ta ce, "Sa su nan, su ma baƙina ne."

Aka shafa mai, aka taje a hankali. Umarnin ya fara ja da baya, ya koma gunaguni, ya ɗauke. Kafin a kai rabin kai Yayata ta jingina da gwiwar matar da take kushewa, baki a buɗe, har da minshari. Na tuntsire da dariya, sai kuma na ji hawaye, don rabon da in ga fuskarta a sake haka tun muna yara.

Yanzu duk Litinin can take yini. In ka tambaye ta, cewa take tana zuwa ne ta gyara wa matar nan hannu, kuma har gobe tsagar a karkace take. Amma ɗankwalin ya fara zamewa baya, yadda kowa zai ga kitson. Hannun bai koma kamar da ba, sai dai yana riƙe tsinke.

Ran nan da yamma na kai mata shayi, ta karɓa ke nan wata ta faɗo shago a gurguje, kai a tsefe.

"Mama, ni kaɗai ce fa!"

Kowa ya san amsar da za ta fito. Yaya ta dubi yatsunta da ke zagaye da kofin, ta ɗago.

"Gobe da safe, 'yata."

Ta kurɓa. Da na zo ɗaukar kofin babu komai a ciki, kuma da sauran ɗuminsa.