Ranar da Na Gyara wa Baba Mashin

Baba bai taɓa ce mata kwamfuta ba, mashin yake cewa. Ya same ta a farkon shekarun casa'in, lokacin da wata ƙungiyar Turawa da ya yi wa tafinta ta naɗe kayanta za ta bar Injamena. Wasu ma'aikatan aka ba su firji, wasu babur, shi aka haɗa shi da wannan ƙatuwar aba mai launin ƙashi, da kwalin disket bakwai masu ɗauke da tsarinta na asali da manhajar rubutun Larabci. Inna ta yi kwana uku tana mitar firjin.

Mu jikokin mahajjatan ƙasa ne. Kakanninmu sun taso daga Kano da Katsina da Damagaram a ƙafa za su Makka, suka tsaya a bakin kogi don su nomi guzuri, tsayawar ta zama zama. Baba ya ga tsofaffin da suka san wannan tafiya suna ƙarewa, sai ya ɗaura aniyar rubuta ta. Duk Juma'a bayan masallaci yakan bi su gida gida da littafinsa, yana rubutawa da ajami: gidan wane daga ina suka fito, wa ya mutu a Abeshe, wa ya wuce Sudan ya bar mace da ciki. In an kawo kuran, wato wutar lantarki, ya zauna gaban mashin ya buga da yatsa biyu. Har wani mutum ya taɓa zuwa daga iyakar Sudan neman dangin kakarsa, Baba ya duba, ya kai shi ƙofar gidan da ƙafarsa.

In ya gama buga labarin gida, takardun ƙonawa yake yi. Kowace da bisimilla ta fara, shi kuwa ba zai yarda wata rana a naɗe ƙosai da sunan Allah ba. Da farko ya yi jinkiri, ya tara su cikin buhu. Ni na ƙarfafa masa guiwa. Ina 'yar shekara ashirin, na fara koyon kwamfuta a wata makaranta, kaina ya cika fal da abin da ban gama sani ba. Na ce, “Baba, mashin ba ta mantuwa, gara ma ba ta cin ta.” Ya ce, “To, uwata, ke kika sani.” Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka.

Bayan wasu shekaru ina aiki a shagon buga takardu a unguwar Habbena, ina ganin sababbin kwamfutoci masu launi da hotuna, tamu ta gida ta fara ba ni kunya. Baba ya tafi Najeriya a yi masa aikin ido, na ce bari in yi masa ba-zata. Kuma kada a ce ban yi hattara ba, na yi, shi ne ma abin da ya fi ci mini rai. Na nemo sababbin disket, na kwafe duk fayil ɗin da na gani da sunayen gidaje, na ƙirga su sau biyu. Sannan na share cikin mashin tas, na ɗora mata sabon tsari. Na goge ta da tsumma har tana ƙyalli.

Ya dawo da ido ɗaya a ɗaure. Na kunna masa ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallon allon da idon da ya rage, ya ce, “Ta yi kyau. Ina rubutuna?” Na zura disket, na buɗe fayil na farko. Abin da ya fito ba Larabci ba ne, ba boko ba, wasu akwatuna ne da alamomi kamar tafiyar kiyashi. Na biyu ma haka. Sabon tsarin bai san yaren tsohuwar manhaja ba. Baba ya ce, “Kalas, shi ke nan, mayar da ita yadda take.”

Na ɗauko kwalin disket bakwai daga ƙarƙashin gadonsa ban ji ko ɗar ba. Na ɗaya ya shiga, na biyu ya shiga, baƙin allon nan na da ya dawo. Na uku mashin ta yi ta gurnani a kansa, ta tofar. Na zare murfin ƙarfen na duba da hasken taga, sai ga fumfuna ta yi masa zane. Shekarar da ruwa ya shiga gidanmu a unguwar Boutalbagar kwalin ya sha laima, ba wanda ya lura. Manhajar Larabcin daga na uku ta fara, in babu shi sauran huɗun ba su da amfani.

Na ce masa kwana biyu zan samo wani. Shekara bakwai na yi ina nema.

Na bi ofisoshi, na bi masu gyara a kasuwa, na tsallaka gadar Ngueli zuwa garin Kusiri da ke ƙetaren iyaka ban san iyaka ba. Amsar ɗaya ce, “Mafi,” wato babu. Wani ɗan Kano da bai daɗe da zuwa ba ya juya disket ɗin a hannunsa yana dariya, ya ce, “Hajiya, wannan ai sai gidan tarihi. Ki kawo kuɗi in ba ki sabuwa dal.” Na karɓe abina na fita ban yi masa sallama ba. A cikin haka wata rana kuran ya dawo da ƙarfi ya ƙona mashin ɗin, Inna ta sayar wa masu gwangwan. Ban damu sosai ba, tunda rubutun yana hannuna, har na sake kwafe shi a faifai don tsoron laima.

Idon Baba bai yi kyau ba, ɗayan ma ya bi shi. Tsofaffin da ya zauna da su kuma suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Duk jana'izar da aka kai shi, in ya dawo ba ya cin abincin rana. Na san abin da yake ƙirgawa: wannan ma ba a sake tambayarsa. Bai taɓa yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, ni kuwa da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai dai in na je gaishe shi ya ce, “Uwata, suna nan dai ko?” in ce, “Suna nan lafiya, Baba, buɗewa kawai ta rage.” Kuma da zuciya ɗaya nake faɗa.

Da gidajen intanet suka yawaita a gari, na koyi cewa akwai manhajar da ke sa sabuwar kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwa, ka ɗora mata tsohon tsarin kamar a kan mashin ta gaske. Na sauke ta cikin wahala, layin yana tafiya yana yankewa. Sai wata mata da ke kawo mini aikin bugu ta ce akwai wani dattijo a Kusiri da ya taɓa buga littattafan addu'o'i da irin wannan rubutu. Na same shi a shagonsa da ya koma na sayar da tawada. Ya saurare ni har na gama, ya shiga ciki ya fito da gwangwanin shayi. Disket bakwai ne a ciki, kowanne cikin leda. Ya ce, “'Yata, kwafa za ki yi a gabana, ba sa fita daga nan.” Na tsuguna na yi masa godiya kamar mahaifina.

Washegari da tsakar rana na rufe ƙofar shago, na ɗora su bi da bi. Da na uku ya wuce sai da na dafe tebur. Allon ya koma shuɗi, haruffan Larabci suka fito daga dama, yadda na san su ina yarinya. Na buɗe fayil na farko. Sunan gida ne a sama, da lamba, ƙasa kuma fili fetal. Na buɗe na biyu, haka. Na bi su duka, sittin da wani abu, babu wanda ya wuce layi ɗaya.

Na kira dattijon a waya. Ya ce wannan manhaja sunaye take ajiyewa a inda ido ke gani, ainihin rubutun tana tara shi a wani ɓoyayyen wuri cikin mashin. Jerin sunaye kawai na kwafe. Rubutun Baba ya tafi tun ranar da na share ta, kafin ma ya dawo daga asibiti. Shekara bakwai ina gadin fanko, ina sauya masa leda.

Sai dai tun da safe na riga na aika gida cewa an samu disket, yau za a buɗe. Da la'asar na ɗauki kwamfutar hannu na tafi. Na tarar Baba a zaure ya sa an canza masa riga, da hularsa ta Juma'a. Ya ji takuna ya ce, “Ta buɗe?” Na kalli fuskarsa, bakina ya ce, “Ta buɗe, Baba.” Ya shafa murfin kwamfutar da tafin hannu, ya gyara zama, ya ce, “Karanta mini.”

Labarin gida ɗaya kaɗai na sani da ka, shi ne namu. Na zuba wa farin allon ido na fara da bisimilla, kamar mai karantawa. Na faɗi yadda kakansa ya bar Katsina da jakai biyu, da yadda matarsa ta farko ta rasu a hanya aka binne ta gindin aduwa, da shekarun da ya yi yana ɗinkin hula a bakin kogi yana cewa baɗi zai wuce. Har tsayawa nake yi ina gyara murya wai ina neman layi. Baba bai katse ni ba. Kansa a sunkuye, yana gyaɗawa a wasu wurare.

Da na kai ƙarshe ya ɗago kansa. Sannan ya ce, “Kin iya shi da kyau, uwata. Amma na gidanmu ban kai ga buga shi ba. Na bar shi ƙarshe ne, tunda shi ba zai ɓata ba.”

Na sauke idona daga allon. Ya ce, “Babu komai a ciki ko?” Na ce, “Sunaye ne kawai, Baba.” Ya cire hular ya ɗora a guiwa.

“To karanta mini sunayen,” ya ce.

Na karanta masa su ɗaya ɗaya. A kowane gida yakan buɗe baki ya kamo abin da ya tuna, sunan gari ko na wani da aka binne, ni kuma ina bugawa ina kuka ba sauti. A wasu ya yi layi biyu, a wasu uku. A mafi yawansu babu abin da yake zo masa, sai ya ce, “Wuce.”