Falmaran ɗin Goggo Thoan

Shekara talatin rumfata ta taliyar shinkafa tana manne da shagon Goggo Thoan a kasuwar garin Lang Son, a ƙasar Vietnam. Abu ɗaya take ɗinkawa: falmaran, da auduga 'yar kaɗan a ciki, ba hannu, sai igiya biyu da ake warwarewa da fizga ɗaya. Wanda ya zo neman babbar kwat sai ta ce ya saka riguna marasa kauri biyu, ya ɗora falmaran, ya naɗe wuyansa.

"Kai da za ka hau tudu da buhu, ina kai ina rigar da ta fi ka nauyi? Bargo ne kai?" Haka take yi wa 'yan dako tsiya.

Kowa ya san dalili. Mijinta Khue mai fito ne a kogin Ky Cung. Shekarar da sanyi ya kashe ɓaunaye, ta sayo masa kwat ta ulu mai kai wa gwiwa. Ya ce ba ya iya ɗaga hannu a cikinta, ta ce ya saka ko don ita. Wata rana kwale-kwalensa ya kife da hantsi. Fasinjojin duk suka fita, amma shi da ya fi su iya iyo, rigar ta sha ruwa ta ja shi ƙasa. Ba a ga gawarsa ba. Daga nan ta soma ɗinkin.

Bayan shekara bakwai, wata safiya hazo ya rufe kasuwa har ba na ganin tukunyata sosai. Na ji keken ɗinkinta ya tsaya. Sai na ji ƙarar almakashi, ƙas, ƙas, a hankali, har sau shida. Sannan wani abu mai nauyi ya faɗi, kamar an yar da jiƙaƙƙen buhu.

Da na leƙa, na same ta tsaye ita kaɗai, hannayen rigarta sharkaf. Ruwa ya kwanta a bakin ƙofa yana ƙarnin laka, ga maɓallai shida a ciki, sun yi gansakuka. Na kira ta sau biyu kafin ta waiwayo.

Ta ce Khue ne ya zo. Bai ma dube ta ba. Yatsunsa ne kawai suke ta fama da maɓallin wuyan kwat ɗin nan, sun kasa. Ita kuma ta yanke masa maɓallan ɗaya bayan ɗaya, rigar ta zame, ya juya cikin hazon.

"Ƙanwata, duk shekarun nan yana ta ƙoƙarin cire ta," in ji ta.

Na duba ko'ina, ban ga rigar ba. Na share ruwan, amma wurin bai bushe ba sai da bazara ta shigo, kuma karnukan kasuwa suka daina bi ta nan.

Ranar ba ta ci abinci ba. Ta ɗinka falmaran daidai jikinsa, ba tare da ta auna komai ba, muka je bakin kogi ta kunna turaren tsinke, ta ƙona masa falmaran ɗin, kamar yadda ake aika wa mamaci kaya a nan. Washegari ta buɗe shago kamar kullum. Ta rasu tana da shekara tamanin da ɗaya, surukarta ta gaji keken. Ni kam har yanzu idan hazo ya sauko, nakan juya kujerata ta fuskanci titi, in ba ƙofar shagon baya.