Ƙullin Mato

A ƙauyukan Gangara, in ana zancen ɗaurin damin hatsi, sunan Mato ake fara kira. Wurin mahaifinsa ya koya tun yana saurayi. In ya ja igiyar kaba ya ƙulle, sai raƙumi ya kai damin har Tanut ko zangarniya ɗaya ba ta zame ba. Matarsa Hajjo takan tsokane shi, wai ko bakin buhun gishiri ya ɗaure sai ta nemo wuƙa.

Wata kaka suna gona, Hajjo na tattara harawar gyaɗa, sai ya ji ta ƙwalla ƙara: "Malam, maciji! Kasa ce!" A bayan hannun dama ta sare ta.

Mato ya yi abin da ya ga manya na yi. Ya fizgo igiya daga dami, ya ɗaure mata dantse don kada dafi ya hau zuciya. Kaico, ina ma ragon ɗauri ne! A amalanken jaki, kan hanyar asibiti, Hajjo ta yi ta roƙo: "Malam, sassauta mini, don Allah." Shi kuwa tsoro ya cika shi, sai ma ya ƙara tamkewa.

Kafin su isa asibitin Tanut rana ta yi sanyi. Hannun ya kumbura suntum, ya yi baƙi, fata ta yi bororo tana tsattsafo da ruwa. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya yi ta fama da ƙullin, ƙarshe dai almakashi ya sa.

"Baba," in ji shi a hankali, "dafin kasa narkar da nama yake yi. Yana fasa ƙananan jijiyoyin jini, yana cin tsoka. Igiyar nan ta tsare shi wuri guda, ta kuma hana jini zuwa."

An yi mata allura, ta rayu. Hannun dai ya riga ya mutu, a Damagaram aka yanke shi. Hajjo ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, wannan kuwa ya fi zagi yi masa ciwo.

Tun daga shekarar Mato bai sake ɗaure dami ba. Kullum da safe shi ke ɗaura mata ɗankwali, kafin ta kai bakin rijiya ya kwance ya faɗi.

"Malam, ka ɗan tamke mana," takan ce.

Sai ya kama bakin ƙyallen, ya kasa ja.